Zomon da Na Yanka

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe biyar da minti goma na yammacin wata Asabar ba, kuma ko na so in manta, mutanen layinmu ba za su bari ba. Na san lokacin daidai domin agogon bangon zauren gidanmu da ke Mandawari yana saitin fuskata, shi na zuba wa ido don kada in kalli kowa. Mintoci kaɗan kafin nan, mu huɗu ne a zauren. Na ɗaya, mahaifina, wanda muke kira Abba, tela ne, yana zaune a kan buzu da littafin fiƙihunsa a cinya. Na biyu, amininsa Alhaji Sabo mai sayar da yadi, mutumin da bai taɓa ganin abin dariya ya ɗauke kai ba. Na uku, maƙwabcinmu Baba Iro, tsohon mafarauci. Na huɗu ni, ina ɗan shekara goma sha biyar, da jakar buhu rataye a kafaɗa. Akwai na biyar, amma shi yana cikin jakar, za mu zo kansa a lokacinsa. Ni ba na son a fara magana daga tsakiya.

Abin ya faro ne wata uku kafin wannan rana. Baba Iro kafinta ne a ranakun aiki, amma duk Asabar, da zarar an gama girbi, yakan fita ta Ƙofar Dawanau tun da asuba, ya dawo da yamma da fakara biyu ko zomo guda. Na daɗe ina kallonsa daga ƙofar gida. Wata rana na tare shi yana fere katako, na durƙusa na gaishe shi, na ce ina so in koyi farauta.

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Ɗan tela, ɗan cikin ganuwa, wanda ƙaya ba ta taɓa sukar ƙafarsa ba? Je ka tambayo ubanka. Ni ba na kai ɗan kowa daji sai da bakin ubansa."

Abba mutum ne da ba ya ɗaga murya. In zai hana ka abu, ba ya cewa a'a, sharaɗi yake gindaya maka. Ya ajiye almakashi ya ce sharaɗinsa uku ne. Na farko, babu bindiga, ko taɓa ta kada in yi. Na biyu, boko da islamiyya kada ɗaya ta yi kuka da ni. Na uku kuwa sai da ya cire tabarau kafin ya faɗe shi.

"Abin da nake gudu shi ne yaro ya shiga daji yana kashe halittar Allah a banza. Duk abin da aka buge da sanda ko dutse, in ya mutu kafin a yanka shi, mushe ne, ba mai ci. In ka dawo hannu rabbana ba laifi, wani satin ka sake fita. Amma ranar da dabba ta zama mushe a hannunka, ka gama farauta a gidan nan. Ka ji?"

Na ce na ji. Na kuma rubuta.

A nan ya kamata in faɗi wani hali nawa. Tun ina yaro ba na iya yin abu sai na jera shi: na ɗaya, na biyu, na uku. Takalmana a jere, littattafaina a jere, ko ƙosai aka ba ni sai na jera su daga ƙarami zuwa babba kafin in ci. (Har yau haka nake, matata ta gaji da magana.) Don haka na sayi littafin rubutu mai shafi arba'in musamman saboda farauta. Duk abin da Baba Iro ya faɗa sai in sa masa lamba. Shi kuwa dariya abin yake ba shi. Yakan ce, "Rubuta dai, ɗan tela. Sai dai zomo bai yi makaranta ba, bai san jerinka ba."

Wata uku muka yi ban ga daji ba. Ya sassaƙa min gora, wato guntuwar sanda mai nauyin kai wadda ake jifa da ita, ya kai ni wani kango a bayan gidansa, ya jera gwangwanayen madara, ya ce in yi ta jifa. Jifan ƙasa-ƙasa ake yi, gorar tana juyawa, domin zomo ba ya tashi sama. Daga baya sai ya ɗaure gwangwani da igiya yana ja a guje, ya ce in jefa gabansa, inda zai je, ba inda yake ba. Ya koya min harbin danƙo saboda tsuntsaye irin su kurciya da hasbiya, amma ya ce ranar da ya ji na harbi tantabarar wani a cikin gari, ko na fasa gilashin tagar mutane, karatunmu ya ƙare.

Sauran darussan a baki ya ba ni su, yana aikinsa ina rubutawa. Ba a farauta da damina: amfanin gona yana tsaye, dabbobi kuma suna da 'ya'ya. Ba a shiga gonakin ƙauye sai an gai da mai unguwa. Zabin da ka gani kusa da gidaje suna da mai su, komai kamarsu da na daji. Ba a sa wa daji wuta don a koro gafiya. Ba a jifa in akwai mutum a gaba, ko da zomon ya kai tunkiya girma. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce:

"Amma duk wannan bayan wuƙa suke. Wuƙa ita ce ta farko. Mai kaifi. Kana bugewa, kana isa, kana bisimilla, kana yankawa. Ba a jira."

Na koma shafin farko na rubuta da manyan baƙaƙe: LAMBA ƊAYA, WUƘA. Na ja layi biyu a ƙarƙashi. Mai karatu, ka riƙe wannan, domin a nan duk masifar take.

Ranar Juma'a da yamma, ana gobe fitata ta farko, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na jera kayana bisa lamba. Kakata, wadda muke kira Iya, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kallona. Kamar yadda kaka take wasa da jikanta, ni angonta ne.

Ta ce, "Angona, wannan shiri haka, Makka za ka ko bayan Dawanau?"

Na ce, "Farauta za ni, Iya."

"To ka ji da kyau. Shekara goma sha biyar ina zaune da kai ko ƙafar fara ba ka taɓa kawo min ba. In gobe ba ka zo min da zomo ba, ka rubuta min takardata da wannan biron naka, in koma gidanmu."

Na ce ta daka yaji kawai ta jira ni. Ta kuwa daka.

Sai na fara zuba kaya a jaka, kuma tunda ni mai tsari ne, daga lamba ɗaya na fara. Na ɗauki wuƙar, wadda na wasa har tana aske gashin hannu, na naɗe ta a ƙyallen yadi don kada ta huda jakar, na ɗaure da zaren ɗinki, ƙulli uku (ɗan tela ba ya ƙulli ɗaya), na sa ta. Lamba biyu, danƙo da duwatsunsa. Lamba uku, robar ruwa. Lamba huɗu, gurasa da ƙuli-ƙuli. Lamba biyar, sallaya. Lamba shida, filasta da man zafi. Lamba bakwai, littafin darussa. Lamba takwas, tsohuwar riga ta naɗe nama. Na zuge bakin jakar ina jin daɗin kaina. Ko sau ɗaya bai zo min a rai ba cewa abin da ya fara shiga jaka shi ne yake kwana a ƙasa.

Da aka idar da sallar asuba muka hau a daidaita sahu zuwa Ƙofar Dawanau, daga nan muka shiga mota, muka wuce kasuwa, muka yi ta tafiya har gidaje suka ƙare. A cikin motar Baba Iro ya tambaye ni, "Ka zo da wuƙarka?"

Na ce, "Tana nan, Baba. Lamba ɗaya."

Ya gyaɗa kai. Ban yi masa ƙarya ba, wannan karon.

Muka sauka a wani ƙauye, muka gai da mai unguwa, muka shiga gonakin da aka girbe. Daji ba kamar yadda na zata ba ne. Tafiya ce kawai, da zafi, da ƙarangiya da take maƙale wa wando. Har rana ta take ban jefi komai ba sai wata kurciya da na harba da danƙo, ta dube ni, ta gyara zama a reshenta. Baba Iro ya bugi fakara guda wajen hantsi. Na ga yadda ya yi: kafin in ƙifta ido ya isa, ya zaro wuƙa daga kube a ƙugunsa, ya yi bisimilla, an gama. Na tsaya na rubuta cewa a yi sauri. Ƙugun nasa ne ban rubuta ba.

Bayan mun yi azahar a gindin wata tsamiya muka iso wani kwari mai zurfi. Ya ce shi zai bi wancan gefen, ni in bi wannan, mu tafi a hankali, domin zomo yakan kwanta a inuwar sabara da rana, ba ya tashi sai an kusa taka shi. Ina tafe ina maimaita darasi na goma sha ɗaya a zuciyata, sai wani abu ya fashe daga cikin sabarar da ke gabana. Zan so in ce na auna, na jefa gabansa kamar yadda aka koya min. Gaskiyar ita ce tsorata na yi, na runtse ido, na wurga gorar don in kare kaina. Da na buɗe ido sai ga zomo kwance yana shure-shure.

Daga can tsallaken kwarin Baba Iro ya ɗaga murya: "Ka same shi! Yanka maza!"

Na isa da gudu, na durƙusa, na buɗe jaka. Tsohuwar riga. Littafi. Filasta. Sallaya. (Ina jin kunyar faɗi, amma sai da na karkaɗe wuri kafin in ajiye sallayar, kuma duk abin da na fitar a jere na ajiye shi.) Gurasa. Ruwa. Danƙo. Ga wuƙa a ƙasa, a naɗe tsaf kamar kayan lefe. Ƙulli na farko ya kwance. Na biyu ya ƙi. Na sa haƙori. Kafin in gama da na uku na lura shure-shuren ya tsaya.

Zomon yana kwance, ƙafafu a miƙe, ido a buɗe, ba motsi. Na ja kunnensa, shiru. Na ɗaga shi na sake, ya faɗi kamar tsumma. Na zauna a ƙasa da wuƙa a hannu, muryar Abba tana dawo min kalma bayan kalma. Wata uku na jifan gwangwani, fita ɗaya, dabba ɗaya, ga shi na mai da ita mushe. Na san yankan gawa ba ya mai da ita halal, don haka ban ko ɗora masa wuƙar ba.

"Ka yanka?" in ji Baba Iro daga nesa.

Bakina ya riga kaina. Na ce, "Na yanka!"

Daga baya na yi ta tunanin cewa da na ce ya tashi ya gudu, da ƙaryar ta fi sauƙi, kuma da na ɗan jira, da ma ta zama gaskiya. Amma na riga na faɗa, ga kuma Iya da yajinta. Kafin Baba Iro ya zagayo kwarin na tsara abin da zan yi, shi ma a jere. Na ɗaya, in nuna wa Abba kunnuwan zomon kawai daga bakin jaka. Na biyu, in karɓi izinin fita sati mai zuwa. Na uku, in kai shi bayan gida da sunan fiɗa, in binne shi, in dawo in ce kyanwar maƙwabta ta ɗauke. Ban yi niyyar ciyar da kowa mushe ba, wannan kam Allah ne shaidata. Kyanwa kawai na yi niyyar zalunta.

Na mayar da kayana cikin jaka yadda suke, na naɗe zomon a tsohuwar rigar na ɗora a sama, na zuge.

Baba Iro ya iso. Ya dubi ƙasa, ya dubi hannuna. Ya ce, "Zomon naka ba shi da jini ne?"

Na ce, "Na rufe da ƙasa, Baba. Saboda tsafta."

"Madalla da tsafta," in ji shi. Bai ce in buɗe jakar ba. Ya ce rana ta yi, mu kama hanya.

A cikin mota jakar tana kan cinyata, da ɗumi. Sau biyu na ji kamar wani abu ya zungure ni, na ɗora laifin a kan ramukan titi. Baba Iro yana gefena yana tauna goro, yana kallon jakar jefi-jefi. Da muka shigo layinmu, maimakon ya tsaya a ƙofar gidansa kamar yadda na yi fata, sai ya ce, "Naman farko na iyaye ne. Bari in raka ka, in ga yadda Malam zai karɓa."

To, yanzu mun dawo zaure, wurin da na fara.

Muka yi sallama, muka gaisa. Abba ya sa yatsa a inda ya tsaya da karatu, ya ce, "An samu?"

"An samu zomo, Abba."

"Da me?"

"Da gora."

"Ka riske shi da rai?"

"Da rai."

"Kai ka yanka da hannunka?"

"Ni na yanka."

"Ka ambaci sunan Allah?"

Na ce na ambata. (Lokacin da ya fito daga sabarar na yi salati da ƙarfi, don haka wannan amsar ina lissafa ta rabin gaskiya.)

Fuskar Abba ta saki. Ba murmushi ya yi ba, amma ta saki, kuma a wurinsa wannan babban abu ne. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Sati mai zuwa ka sake bin Iro."

Mataki na biyu ya samu tun kafin na ɗaya. Da na juya na shige gida a lokacin, da wataƙila yau ba ni da labarin bayarwa. Amma Alhaji Sabo ya miƙo hannu.

"A'a, Malam, haka kawai? Mu ba za mu ga naman ɗanmu ba? Fito da shi, sarkin daji, mu sa masa albarka."

Na zuge jakar kaɗan, na laluba, na kamo kunnuwan, na ɗago su daidai yadda za a gani. Kunnuwan suka motsa a hannuna. Kafin in gane abin da ke faruwa, ƙafafun baya biyu suka tokare ni a ƙirji, farce ya tsaga min tsintsiyar hannu, rigar ta yi sama. Zomon ya dira a cinyar Alhaji Sabo, ya ture kofin shayinsa, ya zaga zauren sau ɗaya, ya tsallake littafin Abba, ya bi ta ƙofar ciki ya shige gida.

A nan ne na ɗaga kai na ga agogo. Biyar da minti goma.

Alhaji Sabo ne ya fara magana, yana karkaɗe shayi daga babbar rigarsa. Ya ce, "Malam, wallahi ɗanka ya iya yanka. Ko tabo bai bari ba." Sai ya kife a kan tabarma yana dariya har hularsa ta faɗi. Baba Iro ya juya yana duban bango, kafaɗunsa suna rawa. Abba bai yi dariya ba. Ya rufe littafinsa a hankali ya ce, "Je ka kamo shi."

Gidanmu ba a shiga, don haka Baba Iro ba zai iya taimaka min ba. Ni kaɗai na shiga. Tsakar gida ta hargitse, mahaifiyata Umma tana kan turmi a tsaye da muciya a hannu, kaji sun haye katanga. Iya kuwa tana zaune a inda take, ko gezau, tana nuna min ɗakinta da carbi.

"Angona, sannu da ƙoƙari. Na ce ka kawo min nama, sai ga naman ya zo da ƙafarsa ya gaishe ni. Yana ƙarƙashin gado, bayan kwanuka. Ka tambaye shi ko yana shan shayi."

Na kwanta rub da ciki na shiga ƙarƙashin gadon. Kwanukan aurenta da ta shekara hamsin tana adanawa suka zubo min a ka. Na fito, ya fito, ya koma, na koma. Iya tana ba da labari kamar mai kallon dambe: "Ya yi hagu. A'a, hagunsa, ba naka ba." A ƙarshe zaninta na jefa masa na danne. Na ɗauko shi a ƙirjina, zuciyarsa tana bugawa, tawa ta fi tasa.

Da na dawo zaure Abba ya dube shi da kyau. Ya ce, "Suma ya yi. Ga shi da ransa da ƙarfinsa, halal ne. Iro, riƙe masa. Kai kuma yanka shi yanzu, a gabana. Ina wuƙarka?"

Na dubi jakar. Na ce a baya na mayar da kayana yadda suke. Yadda suke ɗin nake nufi.

Na durƙusa na fara fitarwa. Littafi. Filasta da man zafi. Alhaji Sabo ya share hawaye ya gyara zama, ya ga kowane kaya da lambarsa a jiki (na manna musu takarda, ban faɗa ba ɗazu), sai ya kama ƙirgawa da ƙarfi: "Bakwai. Shida. Biyar, a yi hattara da sallaya. Huɗu, miƙo ƙuli-ƙulin nan." Baba Iro ya kai hannu ƙugunsa zai ba ni tasa wuƙar, Abba ya ce, "Bar shi, Iro. Bar shi ya kai lamba ɗaya."

Na kai. Tana naɗe, da ƙulli uku. Ko a dajin, sai da na sake ƙulla su.

Ba wanda ya tambaye ni abin da ya faru a kwarin, kowa ya gani da idonsa. Muka fita bakin rariya, na fuskanci alƙibla, na yi bisimilla, na yanka. Wannan shi ne zomon da na yanka, sa'a uku bayan na ce na yanka shi.

Da muka koma ciki Abba ya sa na zauna, ya ce in faɗi abin da na yi niyyar yi da shi. Na faɗa duka, har mataki na uku. Alhaji Sabo ya ce, "Allah sarki, kyanwa. Yau ta tsallake rijiya ba ta sani ba."

Abba ya jira ya gama, sannan ya ce, "Sharaɗina a kan mushe ne, kuma zomo bai zama mushe ba. Wannan ba ƙoƙarinka ba ne, Allah ne ya rufa asiri. Amma na yi maka tambayoyi, ka dubi idona ka ba ni abin da ka ba ni. Da ka shigo ka ce, Abba, ya mutu a hannuna saboda wuƙata tana ƙasan jaka, da na yi faɗa, da kuma mun duba maganar. Yanzu izinin da na ba ka ɗazu na karɓe. Bana ba ka ƙara fita. Daga yau har a sake girbi, duk kazar da za a yanka a gidan nan kai ne, kuma ni zan tsaya in gani. In na gamsu, baɗi ka bi Iro."

A daren aka ci zomon da yajin Iya. Ni romo aka zuba min a tuwo, Iya ta ce ango maƙaryaci ba ya cin tsoka, amma ta fasa karɓar takardarta tunda dai zomo ya iso, ko da ta wace hanya.

Washegari na je wurin Baba Iro ina sunkuyar da kai. Na ce, "Baba, ka sani?"

Ya ce, "Tun a kwarin. Hannunka fes, wuƙarka ban gan ta ba. A mota kuma ina kallon jakarka tana numfashi."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Kai ka ce ka yanka. Mafarauci ba ya buɗe jakar ɗan'uwansa." Ya ci gaba da goge katakonsa, sannan ya ƙara da cewa zomo yakan suma in gora ta same shi a ka. Kafin a ce ya mutu, a taɓa idonsa, a sa yatsa a ƙirjinsa. Na laluba aljihu zan ciro littafi, ya ce in na fito da shi zai jefa shi a tukunyar gam. Bayan kwana biyu ya aiko min da kube na fata mai igiyar ɗaurawa a ƙugu.

Kaji goma sha huɗu na yanka a wannan shekarar, har da na sunan ƙanwata, Abba yana tsaye a kaina kowane karo. Da aka sake girbi, wata Juma'a da yamma, ya ce ba tare da ya ɗago daga keken ɗinki ba, "Gobe Asabar. Iro yana jiranka." Na fita, kuma har yau ina fita in na samu sarari, duk da dajin ya yi nisa, inda na jefi zomon nan ma yanzu gidaje ne.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne. Abin da ya fi komai muhimmanci ba a fara sa shi a jaka, a ƙugu ake ɗaura shi. Kuma in za ka yi ƙarya a kan wani, ka tabbata ba zai farka ya ba da nasa bayanin ba. Izini ya dawo bayan shekara guda, amma akwai abin da bai tafi ba. Tun daga wannan Asabar Alhaji Sabo ya sa min suna Na-yanka. Ya bi ni makaranta, ya bi ni shagon da nake gyaran keken ɗinki, ranar ɗaurin aurena ma da shi aka yi ta kirana a ƙofar masallaci, dangin amarya suna tambaya ko mahauci ne.

Don haka ina da roƙo gare ka, mai karatu, kashi biyu ne. Na ɗaya, in ɗanka ko ƙaninka ya ce yana son farauta, ka haɗa shi da babba wanda ya san daji, kuma ranar fitarsa ta farko ka tsaya a bakin ƙofa ka ce ya zaro wuƙarsa. In ya fara kwance jaka, ka mai da shi ciki ya sake shiri. Na biyu, in ka biyo ta Mandawari kana neman gidana, don Allah ka tambaya da sunan da aka raɗa min ranar suna. Za a ɗan jima kafin a gane wanda kake nufi, amma ka daure.